Baƙaƙen Rigunan Gwaji

Ina riƙe da robar da muke jan fenti da ita, ina buga rubutu a buhuna, na kai na arba'in da wani abu, sai na ji ƙarar injinan kamfanin da ke bayanmu ta tsaya. Wanda bai yi aiki a Sharada ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Shagonmu a jikin katangar wani kamfanin takalman roba yake, kuma shekara uku da na yi a wurin ban taɓa jin katangar nan ta daina rawa da safe ba. Ko wuta ta ɗauke, kafin ka ce kwabo janareta ya karɓa. Ranar Litinin ce, ƙarfe goma ba ta cika ba. Na jira janareta, bai tashi ba. Na ajiye roba na leƙa waje, sai ga mutum uku sun wuce ta ƙofar shago da gudu, ɗaya ko takalmi babu. Duka ukun baƙar riga ce a jikinsu, kuma rubutun da ke ƙirjinsu ni na buga shi da hannuna.

Ranar nan fenti ya bushe a silikin da nake buga rubutu da shi. Tun da na fara aikin nan ban taɓa barin haka ta faru ba.

Zan dawo kan Litinin ɗin, amma sai na fara gaya muku yadda sana'ar take. 'Yan mata da yawa da suka gama sakandare suna tare ni a Ɗorayi suna cewa, "Anti Nafisa, ki kai mu shagonku mana, ai buga rubutu a riga ba wuya, a zuba fenti a ja, shi ke nan." Ni ma haka na ɗauka.

Aikin farko da Baba Hamisu ya ba ni wanki ne. Baba Hamisu abokin marigayi babanmu ne, ya yi shekaru a sashen buga zane na wata masaƙa a Bompai, da aka rufe ta ya buɗe nasa ɗan shagon. Ranar da Umma ta kai ni, bai tambaye ni takardar makaranta ba. Ya miƙa min tsumma da kwalbar kananzir, ya nuna min firam guda shida a jingine da bango, wato katako mai kusurwa huɗu da aka ɗaure wa siliki ya yi tsam kamar fatar ganga. Ya ce, "Idan kin ɗaga shi kin hangi rana ba ɗigo ko ɗaya, ya wanku." Wata huɗu na yi ina wannan. Faratana suka yi baƙi, ko lalle na sa ba ya fita da kyau. Duk lokacin da na matsa tsumma da ƙarfi sai in ji muryarsa daga baya: "'Yar boko, siliki ne, ba tukunyar tuwo ba."

Buhunan shinkafa na wani Alhaji daga Dakata su ne aikin da na fara haɗa wa siliki da kaina. Ga yadda ake yi. Akwai wani ruwa mai kauri da ake shafa wa siliki a ɗaki mai duhu, a bar shi ya bushe. Rubutun da za a buga kuma a fitar da shi a takarda, a shafa mata man gyaɗa har haske ya riƙa wucewa. Sai a kifa takardar a kan siliki, a danne da gilashi, a fita da shi rana. Inda rana ta taɓa ya daskare, inda rubutu ya kare kuma ruwa zai wanke shi ya buɗe, ta nan fenti zai bi. Baba ba ya duba agogo. Shi salati yake ƙirgawa, na rani daban, na damina daban. Ni na yi gaggawa na shigo da shi, da na watsa ruwa sai rubutun gaba ɗaya ya zube ƙasa, har da hoton shinkafar. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in wanke in sake, kuma Alhaji zai aiko da mota bayan la'asar. Sau uku na sake.

Jan fentin da kuke gani kamar wasa, shi ma da nasa. Idan kin kwantar da robar da yawa fenti ya yi ambaliya, harafi ya kumbura. Idan kin tsayar da ita kuma ya fita a tsattsage. Hannu ɗaya ake ja, ba a tsayawa a tsakiya, ko da kuwa ƙuda ya sauka a hancinki. In an gama a shimfiɗa takarda a bi da dutsen guga, in ba haka ba wankin farko zai tafi da aikin, mai riga ya dawo yana ambaton iyayenki.

Baba yana da doka guda da ya fi riƙewa: ba a buga abin da ba a san ma'anarsa ba. Yana karanta Larabci da ajami, yana karanta Hausar boko, amma Turanci sai dai ya gane haruffa. Don haka tun shekarata ta farko ya mayar da ni idonsa. Duk wanda ya kawo aiki da Turanci, Baba zai miƙo min takardar ya ce, "Me ta ce?" In karanta, in fassara. Idan ya ce bismillah, an karɓa. Idan ya naɗe takardar ya miƙa wa mai ita, to an gama magana. Na ga ya mayar da aikin wani mai maganin gargajiya da ya rubuta cewa maganinsa na warkar da kowace cuta, na ga ya mayar da na wasu samari da suka so a zagi ƙungiyar ƙwallon unguwar da ke kusa da tasu.

Sai kuma al'adar rigar gwaji, wadda duk labarin nan a kanta yake. Ba a ɗora sabon siliki a kan kayan mai kaya kai tsaye. Baba kan sayi ragowar gwanjo, na ƙasan dila, waɗanda suka yage ko suka koɗe har ba mai saye. A kansu ake gwada fenti har ya zauna daidai. Idan riga ta gama aikinta ba a yar da ita. Leburorin da ke loda kaya a ƙofar kamfani ake ba wa, don aikinsu cin tufafi gare shi, ba mai son sa rigarsa ta kirki ya ɗauki buhu. Su kuma idan motar kayanmu ta zo, ba sai mun kira ba, za su sauke mana. Haka na tarar ana yi, ba wanda ya taɓa ganin aibun abin.

Bara ce shekarar da ta yi mana muni. Kamfanoni suka rage aiki, wasu suka rufe ɗungurungum, Alhajin Dakata ya koma sayen buhunan da aka riga aka buga daga wani wuri. Akwai lokacin da muka yi sati biyu cur ba mu buɗe gwangwanin fenti ba. Baba ya zauna a ƙofa yana jan carbi, ni ina wanke firam ɗin da na riga na wanke.

A cikin wannan zaman ne Abba ya zo. Matashi ne mai shagon kayan gayu a cikin gari, ya sauko daga babur da ƙatuwar leda cike da sababbin baƙaƙen riguna. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ce, "Baba, samarin yanzu ba sa sa riga sai tana magana. Farin rubutu nake so, manya-manya, a ƙirji."

Baba ya miƙo min takardar. "Me ta ce?"

Kalmomi huɗu ne. REBEL. RADICAL. OUTLAW. SAVAGE. Biyun farko na san su tun a makaranta, sauran na duba a ƙamus ɗin waya ina tsaye. Na ga ma'anarsu sarai, ba zan ce ban gani ba. Na kalli ledar rigunan, na kalli gwangwanayen da suka yi sati biyu a rufe.

Na ce, "Baba, irin maganganun 'yan gayu ne. Kamar mutum ya ce shi ba ya jin magana, ko yana da taurin kai."

Baba ya ce, "Taurin kai har sai an rubuta a riga?"

Abba ya yi dariya ya ce, "Wallahi Baba, rabinsu ko karantawa ba sa yi. In dai Turanci ne kuma ya yi ƙato, sun saya."

Baba ya kalle ni. Sannan ya ce bismillah.

Farin fenti a kan baƙar riga shi ne aikin da ya fi kowane wahala, balle da damina. Ja ɗaya ba ya isa, baƙin yana leƙowa ta ƙasa. Sai an ja, an jira ya sha iska, an sake ja a daidai wurin ba tare da firam ya gusa ko kaɗan ba. Ga fentin da kauri, yana toshe siliki. Kuma gwajin dole a baƙar riga za a yi shi, don a kan fara ba za ki ga komai ba. Sai na zazzage buhun gwanjo na tsince duk wata baƙa da ke ciki. Siliki huɗu, kowanne sai da na gwada sau uku ko huɗu kafin ya zauna. Da na gama na ƙirga rigunan gwaji goma sha huɗu. Abba ya zo ya kwashe nasa yana ta yabawa.

Malam Idi na ba wa rigunan gwajin, kamar kullum. Shi ne babba a cikin leburori, mutumin Damagaram, ya manyanta amma har yanzu yana ɗaukar buhu biyu a tare. Ya ɗaga ɗaya yana juyawa.

"'Yar Malam, wannan karon duk iri ɗaya? Kamar 'yan ƙwallo. Me aka rubuta?"

Na ce, "An ce kuna da ƙarfi."

Ya ce, "To, in zagi ne dai ya koma kanki." Muka yi dariya, ya saɓa su a kafaɗa ya tafi. Sati uku ke nan kafin Litinin ɗin.

Yanzu in koma inda na tsaya. Bayan mutum ukun nan sun wuce, muka fara jin hayaniya daga ƙofar kamfani, sai ƙarar fashewar gilashi, sai jiniya. Baba ya jawo ƙofar shago ya bar ta a ɗan buɗe. Can sai ga Inna Ladi, mai sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfanin, ta faɗo mana ɗankwali a hannu.

"Malam, ku rufe! An liƙa sunayen waɗanda aka sallama daga aiki, mutane suka taru, wani ya yi jifa. An fasa motar manaja, an fasa wa mai gadi kai." Ta juyo ta ganni, sai ta dafe ƙirji. "Ke Nafisa, wace irin riga kika ba su Idi?"

Ta miƙo min wayarta. Bidiyo ne wani ya ɗauka daga saman katanga. Mutane sun fi ɗari, kowa da kayansa daban-daban. Amma a gaba, jikin ƙofa, ga leburori a jere cikin baƙaƙen riguna, farin rubutu na ƙyalli a ƙirjinsu. Su ba ma'aikatan ciki ba ne, ba sunansu a takardar sallama. Wurin zamansu ne kullum, motar da za su loda suke jira, taro ya same su a can. Amma a bidiyo ba a ganin wannan. Wanda ya tura shi ya rubuta a ƙasa cewa wata ƙungiyar 'yan tawaye ta ɓulla a Sharada har da kakinta.

Inna Ladi ta ce, "Da kunnena na ji manaja yana ce wa jami'ai a nemo wanda ya yi musu kaki, shi ne uban tafiyar. An tafi da Idi da mutum shida."

Baba ya rufe gwangwanin fenti, ya kashe dutsen guga, ya ce in tafi gida ta bayan layi. Na ce silikin bai wanku ba. Ya ce, "Bar shi."

Washegari da safe na je shago, don zama a gida ya gagare ni. Ban daɗe ba wasu mutum biyu cikin kayan gida suka yi sallama. Ɗayan ya ce, "Wace ce yarinyar da ke buga riga?" Baba ya miƙe ya ce shi ne mai shago. Mutumin ya ce, "Mun sani, Baba. Sunanta aka ba mu." Suka ɗauki siliki huɗun nan, don Baba ba ya goge rubutun da ke jikin siliki sai ya yi wata biyu, ko mai kaya zai dawo neman ƙari. Baba ya sa hularsa ya biyo mu, ba wanda ya hana shi.

A caji ofis aka shigar da mu wani ɗaki mai tebur ɗaya. Rigunan na nan a shimfiɗe a kai, guda bakwai, suna warin gumi. Jami'in da ke zaune ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ya tambayi sunana, unguwarmu, sunan mahaifina, yana rubutawa a hankali.

"Kin yi makaranta?"

"Na gama sakandare, ranka ya daɗe."

"Madalla. To ba sai na wahala ba." Ya ɗora biro a kan riga ta farko. "Fassara min."

Baba na zaune a gefena, gwiwarsa kusa da tawa.

Na ce, "Ɗan tawaye."

"Wannan fa?"

"Mai tsattsauran ra'ayi."

"Ɗaga murya, ba na ji."

Na maimaita.

"Wannan?"

"Wanda ya bijire wa doka."

"Na ƙarshe?"

"Marar imani. Wanda ba ya tausayi."

Ban juya na kalli Baba ba. Na dai ji carbinsa ya daina motsi.

Jami'in ya jingina da kujera. "Wato kin san abin da kika rubuta. Kin san shi, kika buga, kika raba wa mutum goma sha huɗu, bayan sati uku suka tsaya a gaban taro aka fasa wa mutum kai. A garin nan, a wannan lokaci. Wa ya sa ki?"

Na ba shi labarin Abba. Ya ce in kira shi. Na kira, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Ya ce, "Ina shagonsa?" Na ce a cikin gari, ban taɓa zuwa ba. Ya ce, "Sunan mahaifinsa?" Ban sani ba. Ya rubuta wani abu mai tsawo, ina jin ƙarar biron a kan takarda. Ya ce, "Kin san inda ake kai masu irin wannan laifin? Ba nan ba ne. Nan wurin ɓarayin waya ne."

Sai Baba ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in taɓa rigar?"

Jami'in ya ɗaga masa hannu. Baba ya ɗauki ta farko ya juya cikinta waje, ya shimfiɗa. A ciki akwai tambarin shinkafar Alhajin Dakata har biyu, ɗaya a karkace. Ya juya ta biyu: walimar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya, da shuɗin fenti. Ta uku, sunan amarya da ango da hoton zobe, a ƙasansa tallan ruwan leda. Ni kaina na manta suna wurin. Baba ba ya barin a ba da riga sai an ci cikinta da gwaji, sannan a juyo waje.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsummokaran gwaji ne. Duba wannan, fentin bai kama ba, baƙi na leƙowa. Wannan firam ya gusa, harafin ya zama biyu. Wannan kuma hammatarta a yage take tun daga dila. Wanda zai yi wa mutanensa kaki, zai ba su na amarya da ango a ciki? Shekara ashirin ina ba leburorin nan tsumma, a tambayi kowa a layin."

Wani jami'i da ke tsaye a ƙofa ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Na zaunen bai yi ba. Ya ɗauki rigar walimar ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Na ji. Amma ba ni kaɗai ba ne a maganar, bidiyon ya kai sama. Kuma har yanzu ban ga mai aikin ba, bakinku kawai na ji. Baba, za ku tsaya mata?"

Baba ya ce zai tsaya. Aka ba shi takarda ya sa hannu da ajami.

"Ta dawo jibi Alhamis, ƙarfe tara. Idan ba ta zo ba, ku za mu ɗauka. Idan ta zo kuma, ta zo da shirin ko za ta kwana biyu."

Ni da Baba muka hau adaidaita sahu zuwa Ɗorayi. Da zan sauka na ce, "Baba, ku yafe min." Ya kalli titi ya ce, "Da kin faɗa min yadda kika faɗa masa, da na naɗe takardar." Ya ƙara da cewa, "Ni ma da ina son in ji, da na sake tambaya. Shiga gida."

Laraba da hantsi na fito daga wanka na tarar Umma ta cika jaka da kayana, har da sabulu da darduma. Ta ce in shirya, ƙaninta zai sa ni a motar Ringim, in zauna wurin Gwaggo har ƙura ta lafa.

Na ce, "Umma, Baba Hamisu ya sa hannu."

"Shi namiji ne, kuma tsoho, ba abin da za su yi masa. Ke idan suka wuce da ke, a ina zan same ki? Wa na sani?"

"In na gudu ai na amsa laifin ke nan."

"Ki amsa a Ringim mana! Ya fi ki musa a inda ba na ganinki."

Ta ɗauki jakar ta kai zaure, na ɗauko na dawo da ita. Ta sake kaiwa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce wai gaskiya ne an ce na shiga ƙungiya? Umma ta ce mata ta je ta duba tukunyarta tana ƙonewa. Daga nan ta zauna a bakin ƙofar ɗaki. Jakar ta wuni a tsakar gida, ba a zaure ba, ba a ɗaki ba.

Bayan la'asar Baba ya kira wayar Umma. Ya ce tun safe yake bin shagunan kayan gayu ɗaya bayan ɗaya da hoton rigar, har wani ya nuna masa na Abba, a rufe. A gidan yayarsa ya same shi a ɓoye, shi ma ya ga bidiyon. Ya rantse ba zai taka caji ofis ba, amma ya ba Baba ragowar rigunan da bai sayar ba, suna cikin ledarsu, ya kuma yarda ya yi magana da jami'in ta waya. Baba ya kai musu. Na karɓi wayar na ce, "Me suka ce?" Ya ce, "Sun ce a ajiye. Ki zo goben."

Alhamis da jakar na tafi, tunda an ce in zo da shiri. Aka nuna mana benci a baranda, ni da Baba. Ƙarfe tara ta wuce, goma ta wuce. Duk ƙofar da aka buɗe sai in miƙe, sai in ga ba ni ake nema ba. Wata mota mai baƙin gilashi ta shigo ta tsaya, ba wanda ya fito daga ciki, na kasa ɗauke ido daga kanta.

Wajen sha ɗaya aka fito da su Malam Idi, kowa da singileti, suna sa hannu a wani littafi. Ya hango ni ya matso, idonsa ya faɗa.

"'Yar Malam, ki yafe ni. Tambayata aka yi wa ya ba ni, na faɗa. Ban san abin zai kai nan ba."

Na ce ba komai, ni ce da neman yafiya. Na so in tambaye shi ko sakinsu aka yi ko wani wurin za a kai su, amma aka daka musu tsawa suka wuce.

Sha biyu saura, jami'in nan ya fito daga ɗakinsa da fayil a hammata, yana magana a waya, yana sauri. Ya zo daidai bencinmu bai tsaya ba. Ya ɗan janye wayar daga kunne, ya nuna ni da haɓa, ya faɗi wata magana, ya ci gaba da tafiya har ya shige motar nan mai baƙin gilashi, ta ja.

Ban ji abin da ya ce ba. Kunnuwana ƙara suke yi. Na kalli Baba, na ga ya rufe fuska da tafin hannu biyu, kuma ban san ko na wane iri ba ne. Akwai wata jami'a a teburin bakin ƙofa tana cin gyaɗa. Na je gabanta da jakata a rungume.

"Hajiya, don Allah, me ya ce?"

Ta kalle ni, ta kalli jakar.

"Ke ce mai fenti? Cewa ya yi ba ruwanki, an cire sunanki. Ki tafi gida." Ta watsa gyaɗa a baki. "Ko kwanan kike so?"